Bin Sawun Faifan Baffa, daga Liverpool zuwa Abbey Road

A ɗakin Baffa, ƙanin mahaifina, akwai garmaho mai murfin katako wanda ba mai taɓawa sai shi. Faya-fayansa suna jere a cikin wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, yawancinsu na makaɗanmu ne na gida, amma akwai guda ɗaya da ya zo da shi daga Ingila lokacin da ya gama karatu, ya biyo jirgin ruwan Aureol daga Liverpool zuwa Legas, tafiyar kusan mako biyu a kan teku. A bangon faifan akwai samari huɗu sun leƙo daga saman bene suna murmushi. Sunansa Please Please Me, kundin farko na ƙungiyar makaɗan nan The Beatles, wanda ya fito ranar 22 ga Maris 1963.

Ina yaro ban san ko kalma ɗaya daga abin da suke faɗa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waƙar ƙarshe ta bayan faifan, inda muryar mai waƙar take fita a tsage, kamar ana yaga sabon yadi. Wata rana na ce, "Baffa, allura ta cinye faifan nan, ji yadda yake ƙara." Ya girgiza kai ya ce, "Faifan lafiyarsa ƙalau. Maƙogwaron mutumin ne. Mura yake yi, kuma tun safe yake waƙa." Wannan maganar ta zauna mini shekara da shekaru. Na girma, Allah ya sa abincina a naɗar sauti yake, na shafe rayuwata a ƙaramin sutudiyo ina gyara muryoyin mutane a kwamfuta. Da Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa, faifan ya dawo hannuna.

Shi ya sa da ɗan ƙanwata, wanda yake karatu a Liverpool, ya ce in zo in ga inda yake zaune, ban yi dogon tunani ba. Na isa a tsakiyar hunturu. Daga tashar Euston a Landan zuwa tashar Lime Street a jirgin ƙasa awa biyu ne da 'yan mintuna, kuma da na sauka iskar da ta taso daga kogin Mersey ta ratsa rigar sanyin da nake taƙama da ita har ƙashi. Yaron ya karɓi jakata yana cewa, "Kawu, sannu da hanya. Gobe ina za mu fara?" Na ce masa bakin ruwa, inda Baffa ya hau jirgi.

A Pier Head akwai mutum-mutumin samarin huɗu na tagulla da aka kafa a 2015, suna tafe kamar sun fito shan iska, baƙi suna layi suna ɗaukar hoto. Ni kogin na tsaya kallo. Ruwa ne mai faɗi, launin ƙasa-ƙasa, mai saurin gudu. Ta nan jiragen kamfanin Elder Dempster suka yi ta kai da komo zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma tun kafin su, a ƙarni na 18, ta nan jiragen cinikin bayi suke tashi, har garin ya zarce duk tashoshin Birtaniya a wannan mummunar sana'a. Can gaba kaɗan, a Albert Dock, gidan tarihin The Beatles da gidan tarihin cinikin bayi suna maƙwabtaka a cikin tsoffin rumbunan jan bulo. Na shiga duka biyun a rana ɗaya, kuma ban ji cewa labarai biyu ne dabam na gani ba. Jikokin waɗanda aka kwasa aka kai Amurka su ne suka haifar da kiɗan da waɗannan samari suka ji a faifai suka haukace a kansa.

Duk wanda ya duba jerin waƙoƙin kundin zai ga haka da idonsa. Waƙoƙi 14 ne. Takwas John Lennon da Paul McCartney ne suka rubuta, shida kuwa na aro ne daga Amurka, kuma mafi yawansu baƙaƙen fata ne suka fara fito da su. Biyu na The Shirelles ne, 'yan mata huɗu daga New Jersey. Ɗaya ta The Cookies ce, su ma mata. Waccan ta ƙarshe, Twist and Shout, daga bakin The Isley Brothers suka koye ta. Akwai kuma ta Arthur Alexander, mutumin Alabama mai murya mai sanyi, wanda John ya ɗauki waƙarsa Anna ya rera da dukkan zuciyarsa. Wannan bawan Allah daga baya ya bar waƙa, ya yi shekaru yana tuƙa bas a Cleveland, ya rasu a 1993. Raina yana sosuwa duk lokacin da na tuna da shi. Abin da zan yaba wa The Beatles shi ne ba su taɓa ɓoye inda suka ɗebo ruwa ba, suna ambaton sunayen mutanen nan a duk inda aka tambaye su. Amma yabo dabam, rabon arziki dabam.

Washegari da hantsi muka nufi Mathew Street. Lungu ne matsattse, tsakanin dogayen gine-gine da a da rumbunan 'ya'yan itatuwa ne. A ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu aka buɗe Cavern Club, gidan kiɗan da The Beatles suka yi ta wasa a cikinsa daga baya, a watan Janairu 1957. Da rana muka je, lokacin da wurin yake cike da masu yawon buɗe ido da iyalansu. Matakala ce take murɗawa da kai ƙasa, tana murɗawa, har sai ka ji iska ta canza. A ƙasan, rufin na jan bulo ne mai lanƙwasa, irin ɗaurin gugan soron gidajen sarauta, sai dai gajere ne ƙwarai, dogon mutum zai iya miƙa hannu ya taɓa gefensa. Layi uku ne na irin wannan rufi, dandamalin yana ƙarshen na tsakiya, bai fi a shimfiɗa tabarma uku a kansa ba.

Dole in faɗi gaskiya, wannan ba ainihin ramin da suka yi wasa a ciki ba ne. An rufe na asali a 1973, aka cike shi da ƙasa saboda aikin layin dogo na ƙarƙashin gari. A 1984 aka sake gina wannan a kan wani ɓangare na filin, da yawa daga bulon ma na tsohon ne aka tono. Amma fasalin ɗaya ne, kuma ni fasalin nake nema.

Muna da wata al'ada mu masu naɗar sauti. In ka shiga ɗaki, kafin ka kafa makirufo, sai ka tafa hannu sau ɗaya ka saurari abin da bango zai mayar maka. Na jira mai jitar da yake wasa ya tsaya shan ruwa, na matsa tsakiya na tafa. Sautin ya doki rufin ya dawo mini nan take, a dunƙule, ya cakuɗe da kansa. Yaron ya ce, "Kawu, me ka ji?" Na ce masa na ji dalilin da ya sa George Martin ya fasa. Shi ne mai kula da naɗar waƙoƙinsu a kamfanin Parlophone, kuma da farko niyyarsa ya kawo na'urori nan ya naɗi kundin a gaban jama'a. Ya zo ya duba wurin a watan Disamba 1962, ya ga ba zai yiwu ba. Sai ya juya dabarar: tunda ba za a kai sutudiyo rami ba, a kawo abin da suke yi a ramin cikin sutudiyo, yadda yake.

A nan na daɗe zaune a kan wani benci ina lissafi. Daga 9 ga Fabrairu 1961 zuwa 3 ga Agusta 1963 sun hau wannan dandamali kusan sau 300. Da yawa wasan tsakar rana ne, 'yan mata masu aikin ofis da yaran kantuna su fito hutun cin abinci, su gangaro, su sha miya da burodi, su koma aiki tufafinsu na warin ramin. A lokacin ba a sayar da giya a wurin. Zafin jikin mutane yakan taru a rufi ya riƙa ɗigowa, har wani lokaci ya taɓa wayoyin lantarki wuta ta ɗauke. Kafin nan kuma, tun daga Agusta 1960, sun yi ta zuwa Hamburg ta Jamus, inda suke kwana suna kiɗa na sa'o'i a gaban ma'aikatan jiragen ruwa da mashaya, suna kwanciya a wani ɗaki a bayan allon silima. A nan ramin ne Brian Epstein, mai kantin faya-fayai a nan kusa, ya sauko ranar 9 ga Nuwamba 1961 ya gan su, ya zama manajansu. Ya kai su kamfanin Decca ranar 1 ga Janairu 1962, aka gwada su aka ce ba a so. Ana cewa an yi kundin nan a yini ɗaya. Wanda ya zauna a ramin nan ya san cewa girbin ne aka yi a yini ɗaya, noman ya ci shekaru.

Ranar Juma'a muka yi salla a Brougham Terrace, masallacin da Abdullah Quilliam, wani lauya ɗan garin da ya musulunta, ya buɗe a 1889. Shi ne wanda ya je Legas a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Na yi wa Baffa addu'a a can, na ji sanyi a raina.

Gidajen da John da Paul suka tashi a ciki suna kudancin gari, yanzu a hannun National Trust mai kula da wuraren tarihi, kuma da ƙaramar motarsu ake kai mutum. Na Paul a Forthlin Road gidan gwamnati ne na masu ƙaramin ƙarfi, falon ɗan ƙarami, da fiyano a jingine da bango. A falon nan shi da John suka zauna gwiwa da gwiwa suka ƙarasa waƙar da ta buɗe kundin. Na John, wanda ake kira Mendips, a kan Menlove Avenue, ya fi wadata. Yayar mahaifiyarsa, Mimi, ita ta riƙe shi. Mahaifiyar Paul ta rasu a 1956, ta John kuwa mota ce ta buge ta a kan wannan titin a 1958. Marayu biyu ne suka haɗu, kuma ina jin wannan a cikin yadda muryoyinsu suke jingina da juna.

A saman bene akwai ɗan ɗakin da John ya rubuta waƙar da aka sa wa kundin sunanta. Da farko a hankali take tafiya, George Martin ne ya ce su ƙara mata sauri. Amma abin da ya fi kama ni a gidan shi ne ɗan zauren gilashi da ke bakin ƙofa, wanda bai fi mutum biyu su tsaya a ciki ba. Nan Mimi take tura su da jitarsu, su kuma suka so wurin saboda amsa-kuwwarsa. Na nemi izinin mai kula da gidan, na shiga na ja ƙofa, na tafa. Ƙasan tayil ne, gefe gilashi, sai sautin ya dawo a wanke, mai haske, da ɗan jela a bayansa. Yara biyu da ba su da ko sisi sun gano da kunnensu abin da mu muke sayen na'ura mai tsada don mu samu. Na tsaya a wurin har sai da yaron ya ƙwanƙwasa gilashin ya ce mota za ta tashi.

Sai Landan. Mun shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muka sauka a St John's Wood, unguwar masu hali, shiru, manyan bishiyoyi duk sun zubar da ganye. Daga tashar zuwa lamba 3 Abbey Road tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Tun daga nesa za ka hango cincirindo a kan layin tsallaka titi, mutane huɗu-huɗu suna jerawa ana ɗaukarsu hoto, direbobi suna jira. Hoton da suke kwaikwaya na bangon wani kundin The Beatles ne na 1969, ƙarshen tafiyarsu. Ni farkonta na zo nema, don haka na wuce su na tsaya a bakin katangar da baƙi suka cika da rubuce-rubuce.

Daga waje gida ne fari, mai matakala a gaba, ba abin da zai nuna maka cewa a bayansa akwai manyan ɗakunan naɗar sauti da kamfanin EMI ya buɗe a 1931. Ba a barin baƙi su shiga, don har yau aiki ake yi a ciki. Akwai kanti a gefe na sayar da tsaraba. Na riƙe ƙarfen shingen, sanyinsa yana cizon tafin hannuna, na ba yaron labarin ranar Litinin 11 ga Fabrairu 1963 kamar yadda na haddace shi.

Hunturun shekarar yana cikin mafi tsanani da Ingila ta gani a ƙarnin. Samarin suna tsakiyar zagayen wasanni a garuruwa, suna bin bayan wata matashiyar mawaƙiya, Helen Shapiro, wadda ita ce tauraruwar tafiyar. John da Ringo Starr suna da shekara 22, Paul 20, George Harrison 19. Ringo ma wata shida kacal ke nan da shigarsa, bayan an sallami mai gangarsu na baya, Pete Best. Suna da waƙoƙi huɗu da suka riga suka fito a ƙananan faya-fayai biyu, ana bukatar goma a cike kundi, kuma kamfani yana sauri kada kasuwa ta huce. Suka shiga ɗakin naɗar sauti na biyu da ƙarfe 10 na safe. John na fama da mura, ga gwangwanin alawar maƙogwaro a kan fiyano. Na'urar da injiniyan sauti Norman Smith yake naɗa da ita layi biyu gare ta: kayan kiɗa a ɗaya, muryoyi a ɗaya. A kwamfutata ta gida ina buɗe layi arba'in ban ji komai ba, in baiti ya karkace in yanke shi in liƙa wani. Su kuwa in mutum ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko.

Da lokacin abincin rana ya yi, ma'aikata suka fita, su suka ce za su zauna su ci gaba da gwaji, madara kawai suka sha. Aka yi zaman safe, aka yi na yamma, aka shiga na dare. George Harrison ya rera waƙoƙinsa biyu, Ringo ya rera tasa yana dukan ganguna a lokaci guda. Har wata waƙa suka naɗa da ba ta shiga kundin ba. Wajen ƙarfe 10 na dare saura guda ɗaya, lokacin rufe sutudiyo ya yi, muryar John kuma ta kusa ƙarewa. Suka sauka ɗakin shan shayi aka yi shawara, aka tsaya a kan Twist and Shout, wadda kowa ya san ba a rera ta sai da ihu. John ya tsotsi alawa, ya kurkure maƙogwaro da madara, ya tuɓe riga, ya tsaya gaban makirufo. Suka yi ta sau ɗaya. Aka gwada na biyu, murya ta ce ba ta nan. Na farkon shi ne a faifan Baffa. Washegari suka koma arewacin Ingila suka hau dandamali.

Kuɗin aikin ranar bai wuce kimanin fam 400 ba. Kundin, wanda tsawonsa kimanin minti 32 ne, ya hau saman jadawalin ciniki na Birtaniya a watan Mayu, ya zauna mako 30, kuma wanda ya sauke shi kundinsu ne na biyu. A zamanin da mawaƙa suke jiran marubuta su ba su waƙa, kamfani ya kawo musu makaɗan haya, ga yara daga arewa sun zo da waƙoƙinsu da kayan kiɗansu da harshen garinsu. Ba zan ce shi ne mafi kyawun aikinsu ba, akwai waƙa ɗaya ko biyu a ciki da ba su kai sauran ba, kuma abin da suka yi daga baya ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba. Amma babu wani kundi nasu da za ka ji mutum huɗu a ɗaki ɗaya suna numfashi tare kamar wannan. Yakan tuna mini da tsofaffin makaɗanmu da na tarar a farkon aikina, waɗanda in sun zauna da 'yan amshinsu sai dai ka danna na'ura ka ja da baya, don sun riga sun rera abin sau dubu a gidajen biki.

Magariba ta kawo jiki, fitilun titi suka kama, masu hoto suka ragu. Na so a ce na shiga ɗaki na biyu na tafa hannu sau ɗaya, ban samu ba. Yaron ya ga yadda nake kallon ƙofar, sai ya ciro wayarsa ya nemo kundin, ya ba ni abin kunne ɗaya ya sa ɗaya. Muka jingina da katanga. Paul ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, kiɗa ya ɓarke. Muka saurara tun daga farko, bas-bas ja suna wucewa, ƙafafuna sun daskare ban motsa ba. A bayan muryoyin ina jin ɗakin da kansa, faɗinsa da tsayin rufinsa, yadda dukan ganga yake tafiya ya taɓo bango ya dawo.

Da aka zo ta ƙarshe na rufe ido. Ga muryar nan a tsage, kowane baiti kamar shi ne na ƙarshe da zai iya fitarwa, sauran biyun suna amsa masa suna tura shi gaba. Na ga ɗakin Baffa, da akwatin ƙarfen, da yadda yake ɗaga allura da yatsa biyu. A daidai ƙarshen, bayan dukan ganga na rufewa, akwai ɗan ihun murna da ɗaya daga cikinsu ya yi can nesa da makirufo. Garmahon Baffa bai taɓa fito mini da shi sosai ba.

Yaron ya cire abin kunnensa ya dube ni. "Kawu, wai da gaske sau ɗaya ya yi ta?"

Na ce, "Sau ɗaya."

Ya ce, "Bari in mayar da ita baya."